Ƙanina ya rubuta "nihilist" a ƙasan hotonsa, mece ce wannan kuma?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu karatu na gidan nan ku taimaka min. Autanmu da ke aji biyu a jami'a ya cire hotonsa na WhatsApp ya sa baƙi ƙirin, a ƙasa ya rubuta kalma ɗaya tak: nihilist. Wata jika mai shegen surutu ta kai wa Hajiya, tun jiya Hajiya ba ta runtsa ba, wai ko ƙungiyar asiri ya shiga. Na kira shi, sai ce min ya yi "Yaya ba za ki gane ba." To ni ina so in gane ɗin. Me take nufi, daga ina aka samo ta?

Abba Gwammaja: Anti ku tura masa dubu goma tukuna, mu ga ko hoton zai koma fari. Ƙarshen wata kowane ɗalibi nihilist ne.

Malam Habibu: Wa'alaikumus salam. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, ba ƙungiya ba ce, ba a yin rajista, ba a shan jini. Tushen kalmar Latin ne, harshen Rumawan da. A can nihil na nufin "babu komai". Ita kanta haɗin kalma biyu ce: ne, wato "babu", da hilum, wato ɗan mitsitsin abu, wasu masana harshe na cewa ɗigon nan ne da ke jikin ƙwayar wake. Ka ga ke nan kamar Bahaushe ya ce "ko ƙyas" ko "ko anini". Kuma Abba, kai ma kana faɗar kalmar duk mako ba ka sani ba. In mai sharhin ƙwallo ya ce "two nil", nil ɗin nan nihil ce aka gutsure. Ci biyu da babu. To nihilist shi ne mutumin babu: wanda ya ce babu wata gaskiya, ko ƙa'ida, ko manufar rayuwa da ta tabbata har ya miƙa mata wuya.

Abba Gwammaja: Ashe Latin muke yi a gidan kallo. Allah ya ƙara sani Malam.

Ustaz Nura: Zancen waken nan ya tuna min da naƙir da ƙiɗmir da suka zo a Alƙur'ani, ɗigon bayan ƙwallon dabino da 'yar fatar da ke lulluɓe da shi. Kowa da abin da yake ci yake auna ƙanƙanta. Amma Malam Habibu mu daina kwana-kwana. Wanda ya ce babu gaskiya babu manufa, ai sunansa mulhidi. Maman Ilham, lamarin nan ba na wasa ba ne, a zaunar da yaron nan.

Malam Habibu: Allah ya gafarta Malam, kada a yanke wa yaro hukunci da kalma ɗaya da wataƙila shi ma bai san kanta ba. Sannan ba ɗaya suke ba. Mulhidi ya musa samuwar Allah, amma yana iya rantse maka da adalci, ko kimiyya, ko kishin ƙasa, har ya mutu a kansu. Kwaminisanci fa cike yake da manufa. Nihilist a ma'anar masu falsafa ya wuce nan, shi har adalcin ya ce ƙirƙira ce.

Baba Injiniya: Ku bari tsoho ya sa baki, don kalmar nan a ƙasar da na yi karatu ta yi suna. Na zauna Leningrad a shekarun 1980, garin da yanzu ya koma sunansa na da, St. Petersburg. Can "nigilist" suke cewa, domin h ɗin kalmomin baƙi g suke mai da ita, Hamburg ma Gamburg ce a bakinsu. Duk ɗan makarantar sakandare ya san ta, saboda littafin Ivan Turgenev na 1862, wanda in ka fassara sunansa zai zama Iyaye da 'Ya'ya. Malamar da ta koya mana Rashanci a shekarar share fage ta sa mu karanta wani yanki nasa, kuma har yau ina ganin wurin kamar a gabana aka yi.

Wani saurayi, Arkady, ya gama jami'a ya dawo gonar mahaifinsa da abokinsa Bazarov, mai karatun likita. Da safe ana shan shayi, baƙo ya fita, sai baffan yaron, Pavel, mutum ɗan gayu mai ji da asali, ya tambaya: shi abokin nan naka mene ne shi? Yaro ya ce nihilist ne. Baffa ya ɗebo man shanu a bakin wuƙa zai shafa a burodi, hannun ya tsaya cak a sama. Uban ya ce, to daga Latin ke nan, mutumin da bai yarda da komai ba. Baffa ya ce a'a, ka ce wanda ba ya girmama komai. Yaron ya ce ba haka ba, wanda yake bin komai da bincike, ba ya rusuna wa kowane babba, ba ya karɓar wata ƙa'ida don kawai an gaje ta. Kun ga, tebur ɗaya, fassara uku. Duk rigimar da za ku yi a nan yau an riga an yi ta a wajen shayin nan.

To ina Bazarov ɗin ya tafi? Fadama, kamun kwaɗi da yaran ƙauye. Yanka su yake yi ya ga yadda cikinsu yake, wai mu da su kusan ɗaya ne. Shi ya sa baffan ya yi masa ba'a cewa bai yarda da ƙa'ida ba amma ya yarda da kwaɗo.

Maman Ilham: Baba wallahi kamar autanmu ake kwatantawa, ban da kwaɗin. Kowace magana sai ya ce "ina hujja?"

Baba Injiniya: To 'yata, ki riƙe zancen kwaɗon, nan gizo ke saƙa. Matasan Rasha da aka kira da sunan nan ba mutanen babu ba ne ko kaɗan. Sun yarda da kimiyya kamar su yi mata sujada. Abin da suka ƙi shi ne coci, da sarki, da auren dole, da waƙe-waƙen soyayya, da gaisuwar fadanci. Ki duba zamanin. An ci Rasha da yaƙi a Kirimiya a 1856, kowa ya ga ƙasar ta ruɓe. Sai a 1861 aka 'yanta manoman da masu gonaki ke mallaka kamar bayi, fiye da mutum miliyan 20. Yaro ya tashi ya ga kakansa ya sayar da mutane, limamin coci ya sa albarka, sannan a ce masa ya girmama na gaba. 'Yan matansu suka dinga datse gashi, suna sa tabarau mai shuɗi, suna zuƙar taba a fili, wasu suka tsallaka Zurich karatun likita. A littafin an ce wa Bazarov, kuna ta rushewa, ai sai an gina. Ya ce gini ba aikinmu ba ne, a share fili tukuna.

Issoufou Damagaram: Barkanku da hira. Mu nan Nijar a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, dole ka yi falsafa kafin bak, jarrabawar fita, to mun sha wuyar kalmar nan, nihilisme. Ina da gyara kaɗan ga Baba, da girmamawa. Mutane da yawa na ɗauka Turgenev ne ya ƙirƙiro ta. Shi yaɗa ta ya yi. A 1799 wani Bajamushe, Friedrich Jacobi, ya rubuta wa Fichte, wani malamin falsafa ɗan ƙasarsu, buɗaɗɗiyar wasiƙa ya kira falsafarsa Nihilismus. Fichte yana so ya gina komai daga "ni", daga hankalin mai tunani. Jacobi ya ce masa in ka bi wannan hanya har ƙarshe, babu abin da zai saura a waje, ba duniya ba Ubangiji, sai kai da inuwarka. Jacobi mai imani ne, zargi ya yi da kalmar, kuma a shekarar ce Fichte ya rasa kujerarsa a jami'ar Jena bisa tuhumar ilhadi. A Faransa ma, a 1801, Mercier ya sa nihiliste a littafinsa na sababbin kalmomi, ya haɗa ta da rienniste, daga rien, wato babu. Ya ce wanda bai yarda da komai ba kuma komai bai dame shi ba.

Baba Injiniya: Na karɓi gyara ɗana. Ban ce shi ya haife ta ba, amma kafin shi a ɗakin malamai take kwance. Ko a Rasha wani mai sharhin adabi, Nadezhdin, ya yi amfani da ita tun 1829, ba wanda ya kula. Turgenev ne ya fito da ita kasuwa.

Malam Habibu: Abin lura a maganar Issoufou shi ne kalmar da zagi ta fara. Wani ne ke jifan wani da ita. Sai daga baya wasu suka ɗauka suka rataya a wuya. Pisarev, matashin marubuci, ya karanta littafin ya ce eh, Bazarov namu ne. Wasu 'yan uwansa masu ra'ayin sauyi kuwa suka fusata, suka ce Turgenev ya yi musu zanen ba'a. Tsofaffi su ma suka ce ya yabi marar kunya. Ya sha duka gaba da baya.

Ustaz Nura: Duk naku tarihi ne mai daɗi, amma ni na karanta cewa mutanen nan su suka kashe sarkinsu. Wanda ya fara da "ina hujja" ya ƙare da bam. Ko ƙarya ne Baba?

Baba Injiniya: An kashe shi kam. Alexander na Biyu, wanda ya 'yanta manoman, a watan Maris na 1881, a bakin wata magudanar ruwa a St. Petersburg. An jefa bam na farko ya lalata keken dokinsa, ya sauko, na biyu ya same shi. A daidai wurin aka gina coci mai ƙubbobi masu launi, a zamanina kewaye take da katakan gyara, shekara da shekaru ba a buɗe ba. Amma waɗanda suka yi aikin sunan ƙungiyarsu Narodnaya Volya, wato Nufin Jama'a. Tsarin mulki suke nema da ƙasa ga manoma. Macen da ta ba da alamar jefa bam ɗin, Sofia Perovskaya, ubanta ya taɓa zama gwamnan garin, ta bar daula ta ƙare a igiyar rataya. Ka ce ta yi ɓarna, na yarda, kisa kisa ne. Amma ba ka ce ba ta yarda da komai ba. Jaridun Ingila da Faransa ne suka tattara duk mai adawa da sarkin Rasha suka zuba a buhu ɗaya suka rubuta nihilist a jiki. Kropotkin, wani marubuci ɗan juyin juya hali na Rasha wanda ya rayu a cikinsu, ya rubuta cewa kuskure ne a haɗa nihilanci da ta'addanci.

Ustaz Nura: To shi Nechaev fa? Na ga sunansa.

Baba Injiniya: Nan ka kama ni. Nechaev ya rubuta cewa ɗan juyin juya hali ba shi da uwa ba shi da aboki, duk abin da ya taimaki rushewa halal ne. A 1869 shi da mutanensa suka kashe wani ɗalibi ɗan ƙungiyarsu, Ivanov, a Mosko, suka jefa gawar a tafki. Marubucin Rasha Dostoevsky ya gina littafi guda a kan kisan. Shi wannan ban da abin kare shi. Shi ne ɗan a-fasa-kowa-ya-rasa na gaske. Kuma tun a 1862 ɗin, da gobara ta tashi a St. Petersburg, Turgenev ya ba da labarin wani da ya sani ya tare shi a titi ya ce dubi abin da nihilist ɗinka ke yi, suna ƙona gari. Ba a taɓa tabbatar da su suka sa wutar ba, amma suna ya riga ya bi su.

Rahila Jos: Sannunku. Ina da tambaya. A Littafi Mai Tsarki akwai littafin Mai Hadishi, da ya buɗe da cewa banza a banza, kome banza ne. Mai hikima da wawa duk kabari ɗaya. Ranar da na fara karanta shi ina yarinya sai da na tsorata. Shi ma nihilist ne ke nan?

Ustaz Nura: Malama Rahila mu ma muna da irinsa. Wa'azin tsofaffinmu duk kushe duniya ne, budurwar wawa, gidan aro. Wannan zuhudu ne. Mai zuhudu ya rena duniya ne don yana hangen abin da ya fi ta. Wancan kuwa ya ce gaba ma babu.

Rahila Jos: Haka ne kuwa, don a ƙarshen littafin cewa ya yi a ji tsoron Allah a kiyaye umarnansa.

Ustaz Nura: Ya yi kyau. Mu a wajenmu mafi kusa da su Dahriyya ne, waɗanda Suratul Jasiya aya ta 24 ta kawo maganarsu, cewa babu komai sai rayuwarmu ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, ba abin da ke halaka mu sai zamani. Larabawan yanzu kuma adamiyya suke ce wa nihilanci, daga adam, rashin samuwa. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya san ta, ita ce kishiyar wujudi. Jamaluddin Afghani ya rubuta raddi ga Dahriyya a Indiya a 1881, Muhammad Abduh ya mai da shi Larabci, kuma ya ambaci nihilist a cikin waɗanda yake suka.

Abba Gwammaja: Ustaz tsaya, adamiyya? To ai dukkanmu 'yan Adam ne.

Ustaz Nura: Kai Abba Allah ya shirye ka. Wancan da ainun ake rubuta shi, na Annabi Adamu da alif mai madda. Ka koma makarantar allo.

Issoufou Damagaram: Mun bar babban mai laifi a baya. Ina da yaƙinin yaron nan bai san Bazarov ba. A gajerun bidiyon nan ya tsinto ta, masu hoton wani Bature mai ƙaton gashin baki, Nietzsche. Kuma a nan ake cutar mutumin. Ana ɗaukarsa shugaban nihilist, alhali shi kamar likita ne da ya ce annoba na tafe. Ɗan fasto ne, an haife shi a 1844. Ya duba Turai ya ga mutane sun daina imani a zuci, amma suna ci gaba da riƙe ɗabi'un da imanin ya haifa, kamar wanda ya sare bishiya yana zaune a inuwarta. A littafinsa na 1882 ya kawo wani mahaukaci da ya kunna fitila da hantsi ya shiga kasuwa yana neman Allah, har ya yi maganar nan da ake yawo da ita, wai Allah ya mutu, wa'iyazu billahi. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, 'yan kasuwar da yake wa ihu marasa imani ne, dariya suke masa. Shi kuma yana tambayarsu ko sun san girman abin da suka aikata. A rubutunsa na 1887 ya ce nihilanci shi ne abubuwa mafi daraja su zubar da darajarsu, ka tambayi "don me?" ka rasa amsa. Malaminmu na falsafa ya rubuta wannan a allo ya ce mu kwafa, ya fita shan shayi ya bar mu da shi awa guda.

Ustaz Nura: Kuma ya ƙare da hauka.

Issoufou Damagaram: Ya faɗi a Turin a Janairun 1889, ya yi shekara 11 a haka har ya mutu a 1900. Amma Ustaz ciwon ƙwaƙwalwa ne, likitoci har yau na muhawara a kan wane iri. Masu salla ma na kamuwa. Ni ban yarda da maganin da ya kawo ba, cewa mutum ya ƙera wa kansa darajoji. Gane ciwon dai ya gane shi.

Sister Binta: Ku yi haƙuri in katse muku falsafa. Ni a asibiti nake aiki. Baƙin hoto da irin wannan kalma sau tara cikin goma gayu ne, amma na goman nake tsoro. Maman Ilham, yana cin abinci? Yana shiga aji? Ya daina kiran abokai? Kada ku yi masa taron dangi, kada a fara da wa'azi. Ke kaɗai ki je ki same shi, ki kai masa abinci, ki bar shi ya yi magana.

Maman Ilham: Na gode Sister, gobe Asabar zan shiga makarantar in sha Allahu.

Malam Habibu: Kafin nan, yaya za mu ce da Hausa? Ni ina ganin "aƙidar babu", mai ita kuma "ɗan babu".

Abba Gwammaja: Malam in ka ce ɗan babu kowa zai ɗauka talaka kake nufi. Rabin unguwarmu sun shiga ke nan.

Rahila Jos: "Ɗan ba komai" fa?

Abba Gwammaja: Wannan kuma mai haƙuri ne, a taka shi ya ce ba komai.

Issoufou Damagaram: Na Mercier dai ɗan ko-in-kula ne, ko ɗan ko-oho. Na Nechaev Baba ya riga ya raɗa masa, a-fasa-kowa-ya-rasa. Na Nietzsche ne mai wuya, don shi ba halin mutum ɗaya ba ne, yanayin zamani ne.

Baba Injiniya: Rashawa ma ba su tsaya a ɗaya ba. Suna da abin da suke kira nihilancin doka, wato kowa ya san doka amma ba wanda ya ɗauke ta bakin komai. Medvedev ya koka da shi a 2008 lokacin yana neman shugabanci. In an fassara wannan, direbobin da ke bin hannun da ba nasu ba a kan titi duk sun samu suna. Bazarov kuwa ni "ɗan ina-hujja" zan ce masa, Maman Ilham ta riga ta ba mu. Kuma ban faɗa muku ƙarshensa ba. Mutumin da ya ce soyayya shirme ce ya faɗa son wata bazawara mai dukiya, Odintsova, ta ƙi shi. Ya koma gidan iyayensa yana taya tsohonsa duba marasa lafiya, ya yanke yatsa wajen binciken gawar wani da zazzaɓin taifus ya kashe, ciwon ya tafi da shi. Littafin ya rufe da tsofaffin biyu suna dafa juna zuwa kabarinsa. Malamarmu sai da ta cire tabarau ta goge ido.

Malam Habibu: Ni dai ina nan kan aƙidar babu. In ta shiga rediyo sau goma kunne zai saba.

Ustaz Nura: Adamiyya ta fi, muna da ita a littattafai.

Abba Gwammaja: Sai an sha bayani kan ainun da alif kullum.

Maman Ilham: Salam, na dawo da rahoto. Na same shi a ɗaki da abokai uku suna cin garau-garau, lafiyarsa ƙalau, Sister, har ya ƙara ƙiba. Ashe kwas ɗaya ya faɗi, wanda ya kwana biyu yana wa karatu, ga wata yarinya 'yar ajinsu da aka sa wa rana. Na ce masa to kai na Jacobi ne, ko na kwaɗi, ko na mai gashin baki? Ya saki baki yana kallona, ya ce Yaya wa ya faɗa miki Jacobi, shi waye ma? Na ce ba za ka gane ba. Hoton dai har yanzu baƙi ne, wai sai sakamakon zango na biyu ya fito. Hajiya ta ce a gaishe da Baba Injiniya, kuma tana tambaya, su kwaɗin bayan ya yanka ci yake yi?

Baba Injiniya: Ina amsawa. Ki ce mata wannan sai Issoufou, su suka yi karatu da Faransawa.